Barkwanci a tallan kayan gyaran jikin maza: tarihinsa, yadda yake aiki da inda yake tuntuɓe

Reza, man aski, turaren feshi, maganin warin hamata, sabulun wanka da man gemu suna cikin hajojin da kamfanoni suka fi dogara da ban dariya wajen tallata su. Kusan shekara 100 ke nan ana amfani da wannan dabara, tun daga allunan bakin hanya a Amurka har zuwa gajerun bidiyon da ke yawo a wayoyin salula. Dabarar ta farfaɗo da sunan da aka ɗauka ya tsufa, ta kuma ɗaga ƙaramin kamfani har aka saye shi dala biliyan 1, wato miliyar guda. Ita ce kuma ta jawo wa wasu haramci daga hukumomi da neman gafara a bainar jama'a. Idan aka jera misalan, za a ga tambayoyi biyu ne ke raba nasara da faɗuwa: wa ake yi wa dariya, kuma me dariyar ke faɗa game da hajar?

Dalilin da ya sa wannan fanni ke son raha

Dalili na farko shi ne kunya. Warin gumi, gashin hamata, ƙurajen aski da sanƙo abubuwa ne da maza ba su cika tattaunawa a kansu a fili ba. A Amurka da Turai, an daɗe ana ɗaukar ƙamshi da gyaran fata a matsayin sha'anin mata. Mum, maganin warin jiki na farko da aka yi wa rajistar suna, ya fito a 1888, amma shekaru da dama mata aka fi yi wa tallan irin waɗannan kaya. Sai a shekarun 1930 kamfanoni suka fara neman maza gadan-gadan. Namijin da za a ce masa yana wari zai iya jin haushi. Idan aka faɗa masa cikin wasa, sai ya yi dariya, saƙon kuma ya shiga ba tare da girmansa ya zube ba.

Dalili na biyu shi ne kamannin hajojin. Turaren feshi biyu masu farashi ɗaya ba su da wani babban bambanci da za a iya nunawa a cikin daƙiƙa 30, kuma ba a jin ƙamshi ta talabijin. Abin da ya rage wa mai talla shi ne ya sa a tuna sunansa lokacin da aka tsaya gaban kanti.

Dalili na uku shi ne farashi. Kaya ne masu arha da ake saye a kai a kai, ba a dogon nazari kafin a ɗauka. Masana talla sun daɗe da lura cewa raha ta fi dacewa da irin waɗannan kaya fiye da waɗanda mutum ke zuba dukiya mai yawa ko lafiyarsa a kansu.

Akwai dalili na huɗu wanda fannin ya jawo wa kansa. Manyan kamfanonin reza sun shafe shekaru suna talla cikin ɗaure fuska: fitattun ƴan wasa, jiragen sama, ɗakunan gwaji da alƙawarin kamala. Taken Gillette na 1989, wanda masu jin Faransanci suka sani da "La perfection au masculin", shi ne misalin da ya fi shahara. An kuma yi tseren yawan wuƙaƙe a kan reza: Trac II mai biyu a 1971, Mach3 mai uku a 1998, Quattro na kamfanin Schick mai huɗu a 2003, sai Fusion mai biyar a 2006. Tun a 1975 shirin barkwancin talabijin na Saturday Night Live ya yi tallan ƙarya na reza mai wuƙa uku don zolaya, shekara 23 kafin a ƙera ta da gaske. A 2004 jaridar shaguɓe ta The Onion ta yi irin wannan ba'a da reza mai biyar, ita ma daga baya ta fito kasuwa. Wannan cika baki ya ba ƙananan kamfanoni abin zolaya a shirye.

Allunan Burma-Shave, 1926 zuwa 1963

Misalin farko da ya yi fice na iyalan Odell ne a birnin Minneapolis na jihar Minnesota. Suna yin man aski da ake shafawa da hannu, ba sai da buroshi ba, amma kasuwa ta ƙi. A tsakiyar shekarun 1920 suka fara kafa ƙananan jajayen alluna a jere a bakin hanya, galibi guda shida. Kowane allo yana ɗauke da layi ɗaya na gajeren baiti mai ban dariya, na ƙarshen kuma yana ɗauke da sunan Burma-Shave kaɗai. Direba ba ya iya sanin ƙarshen maganar sai ya wuce dukkan allunan, saboda haka shi da fasinjojinsa suke zuba ido har su kai ga sunan hajar.

Baitocin sun kai kusan 600. Wasu suna zolayar mai ƙasumbar da budurwa ta guje shi, wasu suna zolayar tsohon buroshin aski, wasu kuma gargaɗi ne ga masu gudun wuce sa'a. A lokacin da abin ya fi bunƙasa akwai jerin alluna kusan 7,000 a jihohi 45, man kuma ya kai matsayi na biyu a cikin irinsa a kasuwar Amurka.

Wani abin da ya faru a 1958 ya nuna yadda wasa ke iya zama alƙawari. Kamfanin ya rubuta cikin raha cewa duk wanda ya kawo kwalabe 900 da babu komai a ciki zai samu tafiya kyauta zuwa duniyar Mars. Wani manajan kantin kayan abinci a jihar Wisconsin ya tara kwalaben da taimakon abokan cinikinsa. Kamfanin bai janye ba, sai ya tura shi da matarsa garin Moers na Jamus, wanda furucin sunansa ya yi kusa da na Mars. Allunan sun ƙare a 1963, shekarar da aka sayar da kamfanin ga Philip Morris. Manyan tituna sun zo, motoci sun ƙara gudu, ƙananan alluna ba sa karantuwa.

Daga Hai Karate zuwa Axe: wasan farin jini

A 1967 wani reshe na kamfanin Pfizer ya fito da Hai Karate, turaren shafawa bayan aski mai arha. A cikin kowane kwali akwai ƴar takarda mai koyar da dabarun kare kai, wai saboda mata za su far wa duk wanda ya shafa shi. A tallan talabijin ana nuna wani siririn mutum mai tabarau yana ƙoƙarin tsira daga masu binsa. Kowa ya san ƙarya ce, kuma girman ƙaryar shi ne abin dariyar.

Kamfanin Unilever ne ya mayar da wannan wasa sana'ar duniya. Ya ƙaddamar da Axe a Faransa a 1983, ya kai shi Birtaniya, Ireland, Ostireliya da New Zealand da sunan Lynx, sannan ya shiga kasuwar Amurka a 2002. Daga tsakiyar shekarun 1990, tare da kamfanin tsara talla na BBH da ke Landan, labarin kusan ɗaya ne a kowane talla: saurayi marar farin jini ya fesa turare, mata sun rasa hankalinsu a kansa. Samari masu tasowa, waɗanda suka fi kowa shakkar kansu a gaban ƴan mata, su ne aka nufa, kuma sun saya. Axe ya zama ɗaya daga cikin manyan sunayen turaren maza a duniya.

Sai dai wasan yana da rauni tun daga tushe. A mafi yawan tallace-tallacen, mace ba ta da suna, ba ta da magana, ba ta da zaɓi, ita ce ladan da ake samu bayan an fesa. Masu suka sun kuma nuna cewa Unilever ɗin nan shi ne mai Dove, wanda tun 2004 yake talla a kan mutunta surar mace. A watan Janairun 2016 Axe ya sauya hanya da sabon kamfen da kamfanin 72andSunny na Amsterdam ya tsara, inda aka nuna maza iri-iri, mai dogon hanci, mai ja da gashi, mai keken guragu, ana cewa kowa ya nemi abin da ya bambanta shi. A watan Yunin shekarar Unilever ya sanar da aniyarsa ta cire hotunan da ke ƙasƙantar da jinsi daga tallansa.

Old Spice, 2010: zolayar cika baki

Old Spice na maza ya fito a 1938 daga kamfanin Shulton, sai Procter & Gamble ya saye shi a 1990. Zuwa shekarun 2000 samarin Amurka suna kallonsa a matsayin turaren kakanni, Axe yana cin kasuwa, Dove kuma yana shirin ƙaddamar da kayan maza da babban talla a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da ake kira Super Bowl, a watan Fabrairun 2010.

Kamfanin talla na Wieden+Kennedy da ke Portland ya ɗora aikinsa a kan wani bayani na kasuwa: kusan kashi 60 cikin 100 na sabulun wankan ruwa na maza mata ne ke saye. Saboda haka tallan ya yi magana da mata kai tsaye alhali mazansu na zaune kusa da su. Isaiah Mustafa, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, yana tsaye a banɗaki ɗaure da tawul, yana ce wa mai kallo ta dubi mijinta sannan ta dube shi, yana mai cewa mijin ba zai zama shi ba amma zai iya yin ƙamshi irin nasa. Kafin a ankara banɗakin ya ɗage, ga shi a jirgin ruwa, ga tikiti biyu a hannunsa sun rikiɗe lu'ulu'u, a ƙarshe kuma ga shi a kan doki. An ɗauki hoton a tafiya ɗaya ba yankewa, ƙarƙashin mai ba da umarni Tom Kuntz.

Abin da ake yi wa dariya a nan shi ne tallan maza kansa. Mustafa ya tattara duk alƙawuran da tallace-tallacen da suka gabata ke yi, ƙarfi, dukiya, farin jini, ya zuguguta su har suka zama shirme. Mijin da ke kallo bai ji an wulaƙanta shi ba, domin babu mutum irin wannan a duniya. Matar ma ba a mayar da ita ganima ba, ita ake roƙo. Tallan ya ci babbar kyautar fim ta bikin talla na Cannes a watan Yunin 2010, ya kuma ci kyautar Emmy a shekarar.

A watan Yuli aka ƙara wani mataki. Cikin kwana uku aka shirya gajerun bidiyo 186, inda Mustafa ke amsa saƙonnin da mutane suka aiko ta Twitter, Facebook da sauran shafuka, fitattu da talakawa. Alƙaluman kamfanin Nielsen da aka yi ta ambato a lokacin sun nuna cinikin sabulun ya ƙaru da kashi 107 cikin 100 a wata guda. Masu nazarin kasuwa sun ja hankali cewa a daidai lokacin kamfanin yana raba takardun rangwame masu yawa, wasu abokan hamayyarsa masu irin wannan rangwame su ma cinikinsu ya tashi. Wannan ya nuna wahalar ware rabon dariya daga rabon farashi idan ana lissafin nasarar talla.

Dollar Shave Club, 2012: dariya mai ɗauke da hujja

Michael Dubin da Mark Levine sun kafa Dollar Shave Club a Kalifoniya a 2011. Tsarinsu mai sauƙi ne: mutum ya yi rajista ta intanet, ana aiko masa da reza ta gidan waya kowane wata, mafi arharta dala 1 ban da kuɗin aike. Ba su ke ƙera rezar ba, daga kamfanin Dorco na Koriya ta Kudu suke sarowa.

Ranar 6 ga Maris 2012 suka sa bidiyo na kusan minti ɗaya da rabi a YouTube. An ɗauke shi a rana ɗaya, a ɗakin ajiyar kayansu, a kan kuɗi dala 4,500. Dubin, wanda ya yi shekaru yana koyon wasan barkwanci na nan take a New York, shi ya fito da kansa. Yana tafe yana magana fuska a ɗaure alhali komai na lalacewa a kewayensa: ya kai sara da adda don yanke salatif ya kasa, ga ƙaramar yarinya tana yi wa wani aski, ga mutum sanye da kayan dabba. A tsakiyar wannan hargitsi yake jefa tambayoyi na gaske. Me ya sa mutum zai biya kusan dala 20 a wata, alhali wani kaso na kuɗin yana tafiya ga fitaccen ɗan wasan tanis da ke tallata rezar? Wa ke bukatar reza mai karkarwa, mai fitila, mai wuƙa goma? Shafin kamfanin ya tsaya saboda yawan masu shiga, cikin awa 48 kuma aka samu oda 12,000.

Kowace raha a bidiyon tana komawa ga hujja ɗaya, wato reza ta yi tsada ba gaira ba dalili. Wanda ya tuna abin dariyar ya tuna hujjar. A watan Yulin 2016 Unilever ya sayi kamfanin a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala biliyan 1, lokacin yana da masu rajista sama da miliyan 3. Kason Gillette a kasuwar rezar maza ta Amurka ya sauko daga kusan kashi 70 cikin 100 a 2010 zuwa kashi 54 a 2016, a cewar kamfanin Euromonitor, kuma a 2017 Gillette ya rage farashinsa. Labarin yana da kashi na biyu da ba a cika ambato ba: a 2023 Unilever ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga Nexus Capital Management, ya riƙe kashi 35 cikin 100. Bidiyo ɗaya ya buɗe ƙofa, amma riƙe abokan ciniki shekara da shekaru aiki ne na inganci, farashi da rarraba kaya.

Wasu salo biyu: gida da aljihu

A Faransa, kamfanin JWT na Paris ya yi wa Wilkinson tallan zane mai motsi a 2007. Jariri ne ke jin daɗin sumbar mahaifiyarsa saboda laushin fatarsa, har ranar da uban ya yi aski da sabuwar reza, fuskarsa ta yi sumul, hankalin uwar ya koma kansa. Sai jaririn ya shiga atisayen faɗa don ƙwato matsayinsa. Kishin ɗa da uba abu ne da kowane gida ya sani, kuma amfanin hajar, wato laushin fata, shi ne ginshiƙin labarin.

A Indiya, inda Axe ya daɗe a kan gaba, kamfanin Vini Cosmetics ya fito da Fogg a 2011 da hujjar aljihu: gwangwanin wasu iska ce ta cika shi, nasu kuwa turare ne zalla. Cikin ƴan shekaru Fogg ya karɓe matsayi na ɗaya. Tallansa na baya ya ɗauki gaisuwar yau da kullum ta tambayar me ake ciki, amsar kuma kullum sunan turaren ce, har maganar ta shiga bakin jama'a. Babu mace mai bin namiji da gudu a wannan salo, kuma ya doke mai wancan salon a kasuwarsa.

Abin da bincike ya nuna

Masu talla na farko ba su yarda da raha ba. Claude Hopkins, a littafinsa Scientific Advertising na 1923, yana ganin kashe kuɗi lamari ne na hankali, wasa kuma yana zubar da ƙimar mai sayarwa. David Ogilvy ya bi wannan ra'ayi da farko, daga baya ya sauya bayan ya ga sakamakon gwaje-gwaje.

A 1992 Marc Weinberger da Charles Gulas sun tattara binciken da aka yi a fannin, suka nuna cewa raha tana jan hankali, kuma wadda ke da alaƙa da hajar ta fi wadda aka liƙa daga waje. A 2009 Martin Eisend, masani ɗan Jamus, ya haɗa sakamakon bincike masu yawa ya auna su tare. Ya gano cewa raha tana ƙara mai da hankali, da son tallan, da son hajar, da niyyar saye, amma tana rage yadda ake gaskata mai maganar. Wannan ya bayyana abin da ake gani a kasuwa: maganin warin hamata na iya jure wasa, maganin sanƙo ko na ciwon fata kuwa, wanda ke buƙatar a yarda da shi, wasan na iya cutar da shi.

Akwai kuma haɗarin da masu sana'ar suka sani sarai: abin dariya ya cinye sunan hajar, mutane su yi ta ba da labarin tallan ba su san na wane ne ba. Burma-Shave ya kauce wa wannan da ajiye sunansa a allon ƙarshe. Dollar Shave Club ya kauce masa da sanya farashin a cikin sunansa.

Game da iyakar wasa, Peter McGraw da Caleb Warren na jami'ar Colorado sun gabatar da wani bayani a 2010: abu yana ba da dariya ne idan ya taka wata ƙa'ida, amma mai ji ya ɗauke shi marar cutarwa a lokaci guda. Idan babu taka ƙa'ida babu dariya, idan kuma cutarwar ta fito fili sai ɓacin rai. Mutanen Nijar sun san wannan ma'auni a aikace ta wasan taubasantaka da na ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sanya a jerin al'adun gado na duniya a 2014. Maganar da abokin wasa zai faɗa a yi dariya, baƙo ya faɗe ta sai a yi faɗa, domin dangantaka ce ta ba da izini, kuma wanda aka zolaya yana da damar ramawa. Kamfani ba taubashin kowa ba ne, kuma wanda allon talla ya yi wa izgili ba shi da allon da zai mayar da martani. Shi ya sa zolayar da ta fi aminci ga kamfani ita ce ta kansa, ta abokin hamayyar da ya fi shi ƙarfi, ko ta cika bakin maza gaba ɗaya.

Inda wasa ya ɓaci

A 2008 ma'aikatar yaɗa labarai ta Indiya ta dakatar da tallan Axe na mutumin da ya rikiɗe cakulan mata suna gutsurarsa, tana mai cewa ya saɓa wa ɗa'a. A 2011 hukumar kula da talla ta Afirka ta Kudu ta hana wani tallan Axe da ke nuna mala'iku mata suna faɗowa daga sama suna watsar da matsayinsu saboda ƙamshin wani saurayi, bayan ƙorafin wani Kirista. A watan Nuwamban shekarar hukumar ASA ta Birtaniya ta haramta wasu tallace-tallacen Lynx bisa dalilin ƙasƙantar da mata.

A watan Agustan 2011 kamfanin Beiersdorf, mai Nivea, ya janye wani talla na mujalla a Amurka ya kuma nemi gafara. Hoton ya nuna baƙar fata da ya yi aski tsaf, riƙe da wani kai mai tulin gashi da gemu yana shirin jefar da shi, rubutun kuma yana kiransa ya sake zama wayayye. Masu tallan sun nufi raha, amma masu kallo sun ga tsohuwar maganar mulkin mallaka da ke haɗa gashin baƙar fata da rashin wayewa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Indiya ta umarci YouTube da Twitter su cire tallan turaren Layer'r Shot, wanda ya gina abin dariyarsa a kan tsoron da mace ke ji na fyaɗe idan gungun maza suka kewaye ta.

A duk waɗannan misalai an ɗora dariyar a kan wanda ba shi ne mai ƙarfi a labarin ba, ko a kan abin da mutane ke girmamawa. Barin wasan gaba ɗaya ma ba ya tabbatar da zaman lafiya. A watan Janairun 2019 Gillette ya fito da ɗan gajeren fim marar raha yana kiran maza su daina cin zali da tsangwamar mata. Wasu sun yaba, wasu maza da yawa kuma sun ji ana yi musu wa'azi daga bakin mai sayar da reza, har aka yi kiran ƙaurace wa kayansa.

Dokoki da tsallake iyaka

Ƙasashe da dama suna da hukumomin da ke duba irin wannan. A Faransa akwai ARPP, wadda ta gaji BVP a 2008, da kwamitinta mai sauraron ƙorafin jama'a. A Birtaniya, tun 14 ga Yunin 2019 akwai ƙa'idar da ta hana talla mai ɗauke da hoton jinsi mai cutarwa, kuma jagorar ƙa'idar ta bayyana cewa fakewa da wasa ba ya wanke talla. A Najeriya, ARCON ta maye gurbin APCON a 2022, tana tantance talla kafin a watsa, kuma daga 1 ga Oktoban shekarar ta hana amfani da fuskoki da muryoyin ƴan ƙasashen waje a tallan da aka nufi ƴan ƙasar da shi.

Tauraron ɗan adam da intanet ba su san iyakar ƙasa ba. Tallan da aka tsara don samarin Paris ko Landan yana iya bayyana a falon da uba, uwa da ƴaƴa ke kallo tare a wata nahiya. Raha kuwa ita ce abin da ya fi wuyar fassara, domin tana rataye da harshe, addini da abin da al'umma ke jin kunyarsa. Dalili ke nan manyan kamfanoni kan sake tsara talla ga kowace kasuwa.

Halin da ake ciki

Kamfanin bincike na Kantar ya ba da rahoton cewa amfani da raha a talla ya yi ta raguwa a cikin shekaru 20 na farkon wannan ƙarni, yayin da kamfanoni suka karkata ga saƙonnin manufa da tsoron suka a shafukan sada zumunta. A 2024 bikin Cannes ya buɗe rukuni na musamman don tallan barkwanci. A fannin kayan maza kuwa salon bai taɓa gushewa ba. Dr. Squatch, mai sabulun maza da aka kafa a 2013, ya girma ne da bidiyon ban dariya a intanet, ya kai ga talla a Super Bowl na 2021, a 2025 kuma Unilever ya sanar da sayensa.

Ga mai tsara talla, tarihin ya bar ma'auni guda uku: wasan ya fito daga amfanin hajar, sunan ya kasance a cikin abin da za a tuna, kuma wanda ake zolaya ya zama mai iya jurewa. Ga mai saye, dariya shaida ce ta gwanintar marubucin tallan kawai. Kaifin reza, daɗewar ƙamshi da lafiyar fata ana gane su ne ta karanta abin da aka rubuta a kwali, kwatanta farashi da gwadawa, domin har yanzu sayen nagari shi ne mayar da kuɗi gida.